Waiwaye: Yadda tsige alƙalin Kotun Ƙolin Amurka ya gagara tun 1805

A ranar 10 ga Yulin 2024 'yar Majalisar Wakilan Amurka Alexandria Ocasio-Cortez ta gabatar da takardun neman a tsige alƙalai biyu na Kotun Ƙoli, Clarence Thomas da Samuel Alito. Kowa ya san maganar ba za ta je ko'ina ba, tunda majalisar na hannun 'yan Republican, kuma haka aka yi. Sai dai ta tono tsohuwar gardamar da ta haura shekara 200: wane laifi ne ya isa a sauke alƙalin da aka naɗa ya yi aiki har ƙarshen ransa?

A takarda abin ba shi da wuya. Kundin tsarin mulki ya ce alƙali zai ci gaba da zama a kujerarsa matuƙar yana kan halin kirki, kuma ana iya tsige shi kan cin amanar ƙasa, ko cin hanci, ko wasu manyan laifuka. Majalisar Wakilai ce ke tuhuma da ƙaramin rinjaye, Majalisar Dattawa ta yi shari'a, sai an samu kashi biyu cikin uku kafin a cire mutum. Alƙalan tarayya 15 aka taɓa tuhuma ta wannan hanya, aka cire takwas, dukkansu daga ƙananan kotuna. A Kotun Ƙoli kuwa mutum ɗaya tak aka taɓa gurfanarwa, shi ne Samuel Chase.

Chase ba ƙaramin mutum ba ne. Yana cikin waɗanda suka sa hannu a takardar ayyana 'yancin Amurka, kuma George Washington ne ya naɗa shi a 1796. Matsalarsa baki. Ɗan jam'iyyar Federalist ne, mai adawa da ta Thomas Jefferson, na gani-kashe-ni, bai kuma damu ya ɓoye hakan a kotu ba. A 1803 ya zauna kan kujerar shari'a a Baltimore ya caccaki manufofin magoya bayan Shugaba Thomas Jefferson. Jefferson ya rubuta wa wani ɗan majalisa yana tambaya ko za a zuba ido a ƙyale wannan. A watan Maris na 1804 Majalisar Wakilai ta amince a tuhume shi, daga baya aka jera masa laifuka takwas, yawancinsu kan nuna son kai a shari'o'in siyasa.

Wanda ya shugabanci zaman shari'ar ma abin kallo ne: Mataimakin Shugaban Ƙasa Aaron Burr, wanda watanni kaɗan kafin nan ya harbe tsohon sakataren baitulmali Alexander Hamilton har lahira, ana kuma tuhumarsa da kisan kai. Mai ɗauke da tuhumar jini ne ya zauna yana sauraron ƙarar alƙali. Jam'iyyar Jefferson na da sanatoci 25 cikin 34, ana buƙatar ƙuri'a 23. Da lissafi kaɗai ake bi, da Chase ya tattara komatsansa. Amma ranar 1 ga Maris na 1805 mafi yawan abin da aka samu a kan tuhuma guda shi ne 19, domin wasu 'yan jam'iyyar sun ƙi bin layi. Chase ya koma kujerarsa har ya mutu a 1811. Daga nan aka samu al'adar da ba a rubuta a ko'ina ba, cewa ba a tsige alƙali don an ƙi jinin hukuncinsa ko ra'ayinsa.

Al'adar ba ta hana kururuwa ba. Bayan hukuncin Kotun Ƙoli na 1954 da ya haramta ware 'ya'yan baƙaƙen fata a makarantu, an kakkafa alluna a bakin tituna ana kiran a tsige Alƙalin Alƙalai Earl Warren. Abin ya tsaya a kan alluna.

Labarin alƙalin Kotun Ƙoli Abe Fortas ne ya fi dacewa da rikicin yau. A 1969 mujallar Life ta fallasa cewa ya karɓi dala 20,000 daga gidauniyar iyalan Louis Wolfson, attajirin da hukuma ke bincike kan cinikin hannun jari. Fortas ya riga ya mayar da kuɗin, amma hakan bai wanke shi ba. Da aka fara zancen tsigewa, har wasu 'yan Democrat da ake ganin nasa ne suka juya masa baya, sai ya yi murabus a watan Mayu. A ganina nan gizo ke saƙar: ba ƙuri'ar majalisa ce ta sauke shi ba, kunya ce da rashin mai tsaya masa.

Shekara guda bayan haka Gerald Ford, jagoran marasa rinjaye a Majalisar Wakilai, ya taso wani alƙalin Kotun Ƙolin, William O. Douglas, a gaba, har ya ce laifin da ya isa tsigewa shi ne duk abin da masu rinjaye a majalisar suka ɗauka haka a lokacin. Bai yi nasara ba. Douglas ya cika shekara 36 a kotun, ya sauka a 1975 saboda shanyewar ɓarin jiki, lokacin Ford ɗin ya zama shugaban ƙasa, shi ya naɗa magajinsa.

Zargin da ke kan Thomas ma na kuɗi ne. A Afrilun 2023 kafar ProPublica ta bankaɗo cewa ya shafe shekaru yana tafiye-tafiyen alfarma a jirgin sama da na ruwa na attajirin Texas Harlan Crow ba tare da ya bayyana ba. Shi kuwa ya ce shawarar da aka ba shi ita ce karamcin aboki na kusa ba sai an bayyana shi ba. Alito kuma, ban da tafiyar kamun kifi Alaska a 2008 a jirgin attajiri Paul Singer, an ga tutar Amurka a kife a gidansa cikin Janairun 2021, alamar da masu cewa an sace wa Trump zaɓe ke amfani da ita. Ya ce matarsa ce ta ɗaga ta saboda saɓani da maƙwabta. Masu neman a tsige su na cewa wannan irin ta Fortas ce, batun amana. Masu kare su na cewa irin ta Chase ce, haushin hukunci ne kawai, musamman soke 'yancin zubar da ciki a 2022. Bambancin da 1969 shi ne ba a ga jam'iyyar Republican da ta naɗa su ta sake su ba, ga shi sai an haɗa sanatoci 67 cikin 100.

A Nuwamban 2023 kotun ta fitar da ƙa'idojin ɗa'a a rubuce karo na farko, alƙalan tara duka suka sa hannu. Ba a tanadi wanda zai binciki wanda ya karya su ba.