Me ake nufi da tantance fili kafin a kafa lambun shaƙatawa?

Tantance fili shi ne binciken da masana tsara birane ke yi a kan wurare biyu ko fiye, su ɗora kowanne a kan sikeli ɗaya, kafin a yanke inda za a kafa lambun shaƙatawa na jama'a. A Kaduna irin wannan aiki yakan bi ta hannun hukumar KASUPDA mai kula da tsarin gari, da hukumar KADGIS mai riƙe da bayanan filaye.

Tambayar farko ita ce, filin na wane ne? Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen jiha amana a hannun gwamna, kuma yana da ikon karɓe fili don amfanin jama'a, amma sai an biya diyyar gini ko shukar da ke kai. Shi ya sa filin da ake ganin ya fi dacewa a taswira kan zo da tsada idan shaguna sun riga sun cika shi.

Sai batun isa wurin, wanda a ganina ya fi sauran nauyi, ko da yake shi aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Reshen Turai na Hukumar Lafiya ta Duniya ya ba da shawarar kada koren fili ya wuce mita 300 daga gidan mutum, wato tafiyar kamar minti biyar a ƙasa. Magidancin Tudun Wada da sai ya biya kuɗin keke sau biyu kafin ya kai 'ya'yansa, ba zai je ba sai da sallah. Uwa kuma ba za ta saki yara su tsallaka Ahmadu Bello Way su kaɗai ba, komai kyan lambun. Don haka mai tantancewa yakan ƙirga gidajen da za su iya zuwa a ƙafa kafin ya ƙirga hekta.

Kogin Kaduna na da nasa lissafin. Lambun Gamji, inda aka kafa tsohuwar gadar Lugard da aka ɗauko daga Zungeru, a bakinsa yake. Gaɓar kogi ba wurin gina gida ba ce, mutanen Kigo Road sun san abin da ambaliya ke yi, amma ta dace da lambu, domin ciyawa da itatuwa na shanye ruwa, idan ya janye a share a ci gaba. Sharaɗin shi ne a san iyakar inda ruwa ke kaiwa a Agusta da Satumba, a ajiye banɗaki da wurin salla da rumfunan masu abinci a kan tudu. Tun rikicin Shari'a na shekarar 2000 kuma kogin ya zama kamar iyaka tsakanin arewaci da kudancin gari, saboda haka filin da kowane ɓangare zai shiga hankali kwance yana samun ƙarin maki.

Sauran abubuwan dubawa su ne inuwa, ruwan ban-ruwa da rani, fitilu da tsaro. Filin da ke da tsofaffin maɗaci da darbejiya ya riga wanda za a dasa wa sababbi da shekaru masu yawa.

Bayan an zaɓa, akan rubuta filin a rajista da taswirar gari a matsayin wurin da ba a gini, domin kada nan gaba a yanka shi fuloti-fuloti.