Layin Gyara a Tseren Formula 1: Tsaro da Hukunci

Layin gyara shi ne siririn titin da ke gefen hanyar tseren motoci, inda garejojin ƙungiyoyi suke jere, kuma inda mota ke ratsewa ana tsakiyar tsere don a sauya mata tayoyi. A gasar Formula 1, wadda hukumar FIA ke shimfiɗa wa dokoki, nan ne mutane da ƙafafunsu suke cuɗanya da motocin da ke tafiya. Makanikai kusan 20 ne ke rufar wa mota ɗaya. Kowace taya mutum uku ne a kanta: mai kwance noti da bindigar iska, mai cire tsohuwa, da mai saka sabuwa, ga kuma masu jak gaba da baya. A Katar a 2023, ƙungiyar McLaren ta gama wa Lando Norris wannan aiki cikin daƙiƙa 1.80.

Wasu daga dokokin wurin sai da aka ji wa wani ciwo sannan aka kafa su. A Imola ta Italiya a 1994, ranar da direba Ayrton Senna ya rasu, taya ta ƙwace daga motar Michele Alboreto tana barin gareji, ta buge makanikai. Daga tsere na gaba, a Monako, aka ƙayyade gudu a layin. A wannan shekarar motar Jos Verstappen ta kama da wuta a Hockenheim ta Jamus ana zuba mata mai, amma sai a 2010 aka daina shan mai a cikin tsere. A 2013 a Nürburgring ta Jamus, tayar motar Mark Webber ta gangaro ta karya wani mai ɗaukar hoton talabijin. Aka ci ƙungiyarsa Red Bull tarar yuro 30,000, aka kuma rage gudun daga kilomita 100 a sa'a zuwa 80. A Monako, saboda ƙuncin wurin, 60 ne.

Alƙalan tsere ke yanke hukunci, kuma tun 2010 akan sa tsohon direba a cikinsu. Suna iya ƙara wa direba daƙiƙa 5 ko 10, ko su sa ya ratsa layin ba tare da tsayawa ba. Mafi tsanani a cikin waɗannan shi ne ya shigo ya tsaya cak daƙiƙa 10 ba a taɓa motarsa ba. Irin wannan ne ya raba Lewis Hamilton da nasara a Monza ta Italiya a 2020, da ya shiga layin alhali an rufe shi.

Inda gardama ta fi yawa shi ne laifin sakin mota cikin haɗari. Direba yana zaune ƙasa-ƙasa, ba ya ganin abin da ke tafe ta bayansa sosai, fitilar da ƙungiyarsa ta kunna masa kawai yake bi. Duk da haka sau da yawa shi ke ɗanɗana kuɗarsa. A Singafo a 2008 an saki Felipe Massa da mesar mai maƙale a motarsa, ya fizge ta ya ja ta har ƙarshen layin, aka hukunta shi, ya tashi ba maki. A Monako a 2019 an saki Max Verstappen a gaban Valtteri Bottas suka gogi juna, daƙiƙa 5 suka mayar da shi na huɗu daga na biyu.

Sai a duba Bahrain a 2018. An bai wa Kimi Räikkönen koriyar fitila ba a gama sauya tayar baya ta hagu ba, motar ta taka makaniki ta karya masa ƙafa. Da yake motar ta fita daga tseren, babu lokacin da za a ƙara mata, sai tarar yuro 50,000 a kan ƙungiyarsa Ferrari. Wannan kuɗi bai taka kara ya karya ba ga ƙungiyar da ke kashe miliyoyi, kuma abin damuwa ne a ce gogar mota ta fi karayar ƙafar mutum tsada a teburin maki.

Wani lokaci dokar ce ba ta fito fili ba. A Jidda a 2023 an ƙwace wa Fernando Alonso matsayi na uku saboda jak ya taɓa motarsa yana tsaye a layin yana cika hukuncin daƙiƙa 5, lokacin da ba a yarda a yi aiki a kan mota ba. Ƙungiyarsa Aston Martin ta kawo hotunan wasu da suka yi haka ba a hukunta su ba, alƙalai suka mayar masa da matsayinsa a daren, daga baya FIA ta fayyace cewa taɓa mota da jak ma aiki ne a kanta.