Kiribi: Tambayoyin Da Mutanen Garwa Da Marwa Suka Fi Yi Kafin Tafiya Bakin Teku

Ina Kiribin take, kuma ta ina ake bi?

Tana can jihar Kudu ta Kamaru, a bakin tekun Atlantika, daidai inda kogin Kienké ya faɗa cikin teku. Daga nan Garwa sai ka hau mota zuwa Ngaundere, ka kwana cikin jirgin ƙasa har Yawunde, sannan wata motar ta bi da kai ta Edeya. Ka ware kwana biyu don hanya kawai.

An ce akwai gine-ginen Jamusawa. Sun kai a je dominsu?

Akwai su, amma kada ka sa ran ganin wani abu mai girman fadar Lamiɗo. Wanda aka fi sani shi ne hasumiyar fitila da Jamusawa suka gina a 1906 a bakin kogin, don jiragen ruwa su gane mashiga da dare. Farar hasumiya ce 'yar madaidaiciya, minti goma ya isa ka zagaye ta. Kusa da ita akwai majami'ar Saint Joseph, wadda asalinta ke komawa ga 'yan mishan Katolika na Jamus da suka kafa sansani a garin a 1891. A wancan zamani Kiribi mashiga ce ta fatauci, ta nan ake fitar da roba da hauren giwa da 'yan dako ke ɗaukowa a ka daga cikin kurmi.

Ni abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne labarin masu garin, wato Batanga. A 1914 Jamusawa suka kashe sarkinsu Madola, yaƙi kuma ya raba jama'a da gidajensu. Har yau duk ranar 9 ga Mayu suna bikin tunawa da dawowarsu gida, ana kaɗe-kaɗe, ana shiga ruwa.

To me ya sa kowa ke maganar Lobé?

Saboda nan ne gani ya kori ji. Kamar kilomita 7 kudu da gari, kogin Lobé yana gangarowa daga kan duwatsu ya zuba kai tsaye cikin teku, ba tare da ya bi ta wata fadama ba. Irin wannan ba shi da yawa a duniya. Mu da muka saba ganin Binuwai ya janye da rani har yara na buga ƙwallo a kan yashinsa, sai mutum ya tsaya kawai ya yi shiru. Masu kwale-kwale suna kai baƙi har gindin ruwan, feshi na jiƙa maka riga, ƙara kuwa sai ka ɗaga murya kafin na kusa da kai ya ji. Ka yi ciniki tun kana kan tudu, kar ka bari sai kun yi nisa.

A gefen wurin mata na soya jatan lande da tafarnuwa, a haɗa maka da soyayyar agada ko rogon da ake naɗewa a ganye. Wanda bai saba ba ya fara da kaɗan.

Malam, ni na iya ruwa tun ina yaro. Zan iya shiga tekun?

Iya ruwan kogi daban, na teku daban. Igiyar ruwa tana dukanka ta gaba, sannan ta janye yashin da ke ƙarƙashin ƙafarka tana komawa. Ka tsaya inda 'yan gari ke wanka, kuma kada hannun yaro ya bar naka.

Gaskiya ne man Cadi a nan yake fita?

Gaskiya ne. Bututun da ya taso daga yankin Doba, mai tsawon kilomita 1,070, a Kiribi ya ƙare, kuma tun 2003 ake loda man a jiragen da ke tsayawa can cikin teku. Sabuwar tashar manyan jiragen ruwa kuma tana Mboro, kudu da gari, ta fara aiki a 2018.

Wane lokaci ya fi?

Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da ruwan sama ya lafa. Sai dai a ƙarshen shekara mutanen Duwala da Yawunde na cika garin, kuɗin ɗaki ya tashi. Kuma ka bar rigar sanyinka a Ngaundere, hunturunmu ba ya kaiwa can.