Rikicin "wai ni waye?" a mahangar Erik Erikson

Shi Erikson ɗin nan waye ne ma?

Masanin halayyar ɗan Adam ne, an haife shi a Frankfurt ta Jamus a 1902, ya rasu a Amurka a 1994. Bai taɓa sanin mahaifinsa ba, mijin uwarsa, wani likitan yara, shi ya rene shi. Gidansu Yahudawa ne amma shi ga shi dogo da shuɗin ido da gashi ruwan zinare, to a wurin ibada yara su tsokane shi wai bare ne, a makaranta kuma a ce masa Bayahude. Kun ga wanda ya taso a haka ai dole tambayar nan ta "wai ni waye?" ta dame shi. Sunan Erikson ɗin ma shi ya raɗa wa kansa bayan ya koma Amurka.

To me ya zo da shi?

A littafinsa na 1950, Childhood and Society, ya kasa rayuwa mataki 8 tun daga goyo har tsufa, kowanne da gwagwarmayarsa. Jariri alal misali yana koyon yarda da mutane ne ko rashinta, gwargwadon yadda ake kula shi in ya yi kuka. Sigmund Freud, wani shahararren masanin halayya da ya gabace shi, ya fi ɗora komai a kan ƙuruciya, shi kuwa Erikson ya ce mutum bai gama ginuwa ba sai ranar da ya bar duniya.

Ina samartaka ta shigo?

Mataki na 5, wajen shekara 12 zuwa 18, inda gwagwarmayar ita ce "wai ni waye?", kuma nan ne ni na fi so iyaye su gane. Yaro yau ya canza aski, gobe ya canza abokai, jibi ya ce shi fa likitancin da Baba ke so ba zai karanta ba, sai a ce ya lalace, alhali sau da yawa gwaji yake yana neman wanda zai zama. James Marcia, shi ma masanin halayya, ya faɗaɗa wannan a 1966, ya ce akwai wanda ya bincika ya tsaya a kan zaɓinsa, akwai wanda ke cikin binciken, akwai wanda ya karɓi abin da aka miƙa masa ba tambaya, sai wanda bai bincika ba bai kuma zaɓa ba, yana ta gantali kawai. Wannan na ƙarshen shi ne abin tsoro wallahi, amma mai yawan tambaya shi aka fi yi wa faɗa.

Kenan a zuba musu ido?

A'a, a saka iyaka, amma a saurare su kafin a yanke hukunci.

Kowa ya yarda da shi?

Ina! Carol Gilligan, wata masaniyar halayya, ta soke shi a 1982 cewa rayuwar maza ya ɗauka ma'auni. Wasu kuma sun ce ya fi dacewa da Turawa masu fifita zaɓin mutum shi kaɗai, domin inda dangi ke da ta cewa a aure da sana'a, wanda ya bi zaɓin gida da zuciya ɗaya ba lallai a ce ya gaza ba.