Masaukin Karnuka a Ingila

Masaukin karnuka gida ne da ake biyan kuɗi a ajiye kare na 'yan kwanaki ko makonni, yayin da mai shi ya yi tafiya, ko ya kwanta a asibiti, ko wata lalura ta hana shi kula da dabbarsa. A Ingila sana'a ce mai lasisi wadda ƙananan hukumomi ke sa wa ido. Kasuwarta ta fi ci a lokacin dogon hutun makarantu, daga ƙarshen watan Yuli zuwa farkon Satumba, da kuma lokacin Kirsimeti, har wasu kan kama wuri tun da sauran watanni. Mai karatun da ya saba ganin kare a matsayin mai gadi ko abokin farauta zai iya mamakin wannan sana'a, amma a can yawancin karnuka cikin ɗaki suke kwana tare da iyali, kuma laifi ne a gaban doka a bar kare shi kaɗai na kwanaki ba tare da mai kula ba.

Abin da ya bambanta wannan ciniki da sauran shi ne, wanda ya biya kuɗin ba ya nan lokacin da ake yin aikin, wanda aka yi wa aikin kuma ba ya magana. Saboda haka duk hukuncin da mai kare zai yanke a kan masauki yana dogara ne da abin da ya gani ranar da ya kai dabbar, da halin da ya same ta ranar da ya ɗauko ta, sai kuma takardun da aka nuna masa.

Doka da lasisi

Tun shekarar 1963 doka ta wajabta wa masu ajiye karnuka da kyanwoyin mutane don kuɗi su nemi lasisi daga ƙaramar hukuma. Dokar Walwalar Dabbobi ta 2006 ta ɗora wa duk wanda dabba ke hannunsa, ko da na ɗan lokaci ne, nauyin biya mata buƙatu biyar: wurin zama da ya dace, abinci da ya dace, damar yin halinta na ɗabi'a, zama tare da 'yan uwanta ko a keɓe gwargwadon abin da ya fi mata, da kariya daga ciwo da rauni da cuta. A ranar 1 ga Oktoban 2018 sabbin ƙa'idoji suka fara aiki a Ingila, suka maye gurbin tsohon tsarin. Yankunan Wales da Sikotilan suna da nasu tsarin dabam.

A ƙarƙashin ƙa'idojin 2018, jami'in ƙaramar hukuma yakan duba masauki ya ba shi taurari daga 1 zuwa 5, kuma yawan taurarin ne ke nuna ko lasisin na shekara 1 ne, ko 2, ko 3. Dole a rataye lasisin inda abokin ciniki zai gan shi. Ana kuma kai ziyarar ba-zata aƙalla sau ɗaya kafin wa'adinsa ya ƙare. Ƙa'idojin da jagororin da gwamnati ta fitar tare da su sun shiga har cikin ƙananan abubuwa. Makwancin kare a ginin da aka yi bayan 2018 ba zai gaza murabba'in mita 1.9 ba, kuma ana so wani sashe nasa ya kasance tsakanin digiri 10 da 26 a ma'aunin Salshiyos. Ba a haɗa karnukan gidaje dabam-dabam a ɗaki guda. Dole a tanadi wurin keɓe marar lafiya, a yi rajista da likitan dabbobi, a kuma adana bayanan kowane kare na tsawon shekara 3.

Taurarin suna da amfani, sai dai karanta su yana buƙatar lura. Sabon masaukin da bai daɗe da buɗewa ba ana ɗaukarsa a matsayin mai haɗari har sai ya tara tarihin bin ƙa'ida, don haka ba ya samun taurari 5 komai kyawunsa. Sannan abin da jami'i zai iya aunawa cikin 'yan sa'o'i, wato faɗin ɗaki da magudanar ruwa da cikar takardu, ya fi sauƙin tantancewa a kan abin da ya fi damun mai kare, wato ko akwai wanda zai lura cewa dabbarsa ta bar cin abinci tun jiya.

Abin da masu karnuka ke tararwa

Ranar karɓar kare, masauki kan nemi katin allurar rigakafi. Ana so a ga an yi masa rigakafin manyan cututtuka huɗu, wato distemfa, da fabo mai sa amai da zawon jini, da ciwon hanta na karnuka, da leptosifirosis da ake ɗauka daga fitsarin ɓera, kuma idan zagayen farko ne, a ce an kammala shi aƙalla mako 2 kafin ranar. Ana rubuta lambar ɗan guntun na'urar nan mai girman ƙwayar shinkafa da ake dasawa ƙarƙashin fatar wuya, wadda ta zama tilas ga kowane kare a Ingila tun watan Afrilun 2016. Ana rubuta sunan likitansa, da irin abincinsa, da maganin da yake sha, da lambar wani da za a kira idan ba a sami mai shi ba. Masu karnuka da suka daɗe a harkar sukan ɗauki yawan tambayoyi a matsayin alamar kirki. Wurin da ya karɓi igiya bai nemi kati ba, haka ya karɓi karen da ke ɗakin kusa.

Kwanakin farko su ne masu wuya. Karen da ya saba da kujerar falo da muryar mutum ɗaya sai ya tsinci kansa a ɗaki mai daɓen siminti, ga warin karnukan da bai sani ba, ga haushi daga kowace kusurwa wanda aka sha auna ƙararsa ta haura desibel 100 a irin waɗannan gine-gine. Binciken masana ya nuna cewa sinadarin kotisol, wanda jiki ke fitarwa idan an shiga damuwa, yakan hau a kwanakin farko, musamman ga karen da bai taɓa zama a masauki ba. Wani ya ƙi abinci, wani ya yi ta kai da kawo a bakin ƙofa, wani ya lashe ƙafarsa har ta yi ja, wani kuma ya lafe a kusurwa shiru, wanda ma'aikacin da bai ƙware ba zai ɗauka natsuwa ce. Akwai kuma karnukan da ko a jikinsu, suna ganin an buɗe mota a harabar masauki su ja mai su zuwa ciki. Shi ya sa gidaje biyu kan ajiye karnukansu a wuri ɗaya, a mako ɗaya, wannan ya yaba, wancan ya yi rantsuwa ba zai sake komawa ba, kuma babu maƙaryaci a cikinsu.

Bayan dawowa gida, ƙorafe-ƙorafen kusan iri ɗaya ne: kare ya rame, muryarsa ta dushe, yana wari, yana zawo, ko yana barci yini guda. Yawancin waɗannan kan wuce cikin kwana biyu ko uku. Dushewar murya daga yawan haushi take, barcin kuwa rama wanda bai samu ba yake yi, zawon kuma sau da yawa sauyin abinci ne ke kawo shi, abin da ya sa masauki da dama ke yarda mai kare ya kawo abincin da dabbar ta saba, tare da tsohon bargo ko rigar mai shi da ba a wanke ba. Abin da ba a yi wa uzuri shi ne rauni da ba a faɗa ba, ko gyambon kwanciya a kan jiƙaƙƙen daɓe, ko ƙwayoyin magani da aka dawo da su cif yadda aka kawo su.

Tarin masauki

Cutar da aka fi dangantawa da wannan sana'a ita ce tarin masauki, busasshen tari mai ƙarfi wanda ke sa a zaci ƙashi ne ya maƙale wa kare a maƙogwaro. Ƙwayoyin cuta da dama ke haddasa shi, fitattu a cikinsu su ne bakteriyar Bordetella da wani bairos mai kama da na mura. Yana yaɗuwa ta iska da kwanon ruwa da hannun ma'aikata. Alamunsa kan ɗauki kwanaki kafin su bayyana, wani lokaci har mako 2, don haka kare kan bar masauki lafiya ƙalau ya fara tari a gida, ko ya shigo da cutar daga filin wasa ba wanda ya sani. Akwai rigakafinsa, wanda galibi ake ɗigawa a hanci, kuma masauki da yawa ba sa karɓar kare sai da shi, amma yana rage tsananin ciwon ne, ba ya hana kamuwa gaba ɗaya. Lafiyayyen kare kan warke cikin mako 1 zuwa 3. Kwikwiyo da tsoho su ne abin ji, domin tarin kan iya sauka musu a huhu. Ɓullarsa ita kaɗai ba ta nuna sakaci. Inda ake gane masaukin kirki shi ne ko ya keɓe mai tarin nan take, ya kuma sanar da masu sauran karnukan.

Dare, zafi da saɓani

Wani abu da ke ba masu karnuka mamaki idan suka tambaya shi ne, mafi ƙarancin ƙa'ida bai tilasta wani ya kwana a harabar masauki ba. Abin da ake buƙata shi ne mai riƙe da makulli ya kasance inda zai iya isowa cikin kusan minti 30. Zafi ma ya zama abin lura tun bayan watan Yulin 2022, lokacin da ma'auni ya haura digiri 40 a Ingila a karon farko. Kare ba ya gumi kamar mutum, da haki yake sanyaya jikinsa, kuma masu gajeren hanci irin su buldog da fug (pug) su ne zafi ya fi saurin kayarwa.

Idan aka sami saɓani, mai kare na iya kai ƙara ga ƙaramar hukumar da ta ba da lasisi, wadda ke da ikon dakatar da shi ko soke shi, ko ya sanar da RSPCA, ƙungiyar yaƙi da zaluntar dabbobi wadda aka kafa a 1824, idan yana zargin zalunci. Tun 2021 hukuncin mafi munin zaluntar dabba ya kai ɗaurin shekara 5. A ɓangaren diyya kuwa, dokar kare haƙƙin masu saye ta 2015 ta ce dole a yi aiki da kulawa da ƙwarewa gwargwadon hankali, amma kotu tana kallon kare a matsayin dukiya, don haka abin da aka fi samu shi ne kuɗin likita da kuɗin masauki da darajar dabbar a kasuwa, lissafin da bai yi daidai da yadda iyalin ke ganin asararsu ba.

Wannan ne ya sa wasu suka koma ga masu ajiye karnuka a cikin gidajensu na zama, waɗanda ake samu ta manhajoji irin su Rover. A Ingila su ma doka ta ce sai da lasisi, ko da yake ba duka ke da shi ba, kuma gidan da ba shi da lasisi babu jami'in da ya taɓa leƙa shingensa ko ya ƙirga karnukan da ke kwana a cikinsa.