Finafinan Dambe da Ma'anarsu a Al'ada

Finafinan dambe rukuni ne na finafinan wasanni da ke ɗaukar ɗan damben boksin a matsayin jarumi, su bi shi daga wurin atisaye har kan dandamali. Mafi yawansu a Amurka aka shirya su, kodayake Indiya da Ingila ma sun taɓa nasu. Jigon da ya fi yawa a cikinsu shi ne labarin talaka wanda ba shi da jari sai ƙarfin damtsensa, da mutanen da ke cin abinci da guminsa. A Katsina da Daura, inda dambe tsohuwar sana'a ce mai makaɗanta da magoya bayanta, masu kallo kan auna waɗannan finafinai da ma'aunin damben gida.

Asali

Fim ɗin dambe kusan tare ya tashi da sinima. A ranar 17 ga Maris 1897 aka ɗauki hoton karawar James Corbett da Bob Fitzsimmons a garin Carson City na jihar Nebada, aka fitar da fim na kimanin minti 100, wanda masana da dama ke lissafa shi a matsayin dogon fim na farko a tarihi. Dalilin wannan zumunci a fili yake. Kyamarar wancan zamani nauyi gare ta, ba ta yawo, shi kuwa dambe mutum biyu ne cikin ɗan fili da aka kewaye da igiya.

Ba a jima ba siyasar launin fata ta shigo. A ranar 4 ga Yuli 1910 Jack Johnson, baƙar fata na farko da ya riƙe kambun duniya na ajin masu nauyi, ya lallasa Bature Jim Jeffries a garin Reno. Tarzoma ta ɓarke a birane da yawa, aka rasa rayuka, hukumomin jihohi da birane suka hana nuna fim ɗin karawar. A 1912 majalisar dokokin Amurka ta haramta ketarawa da finafinan dambe daga wata jiha zuwa wata, dokar da ba a soke ta ba sai 1940. Hoton baƙin mutum tsaye a kan Bature shi ne abin da aka ji wa tsoro.

Talaka da masu kuɗi

Daga shekarun 1930 aka koma ƙagaggun labarai. The Champ na 1931 labarin tsohon zakara ne da giya da caca suka cinye, sai ɗansa ƙarami da bai daina ganin girmansa ba. Body and Soul na 1947 ya nuna yadda 'yan caca ke sayen wasa tun kafin a hau dandamali, su ce wa ɗan dambe ya faɗi a turmi kaza. Mai ɗaukar hotonsa, James Wong Howe, ya sa takalmin taya ya riƙa zagaya 'yan wasan da kyamara a hannu, don mai kallo ya ji kamar shi ake kai wa naushin.

Wanda ya fi kowanne suna shi ne Rocky na 1976. Sylvester Stallone ne ya rubuta labarin bayan ya kalli yadda Chuck Wepner, wanda ba a ba shi ko turmi uku ba, ya kai Muhammad Ali har turmi na 15 a 1975. An kashe kimanin dala miliyan 1 wajen shirya shi, ya kawo fiye da miliyan 200, ya kuma ci kyautar Oska ta fim mafi kyau. Rocky mai karɓo wa wani mai ba da rance bashi ne a unguwar talakawa ta Filadelfiya. Yakan tashi da asuba ya fasa ɗanyen ƙwai a kofi ya shanye, ya fita gudu cikin sanyi, sannan ya shiga ɗakin ƙanƙara na wani kamfanin nama ya yi ta naushin gangar jikin shanu da aka rataye har hannunsa ya jiƙe da jini. Mutane da yawa na mancewa cewa a ƙarshe bai ci wasan ba. Alƙalai abokin karawarsa Apollo Creed suka ba. Burinsa kawai a kaɗa ƙararrawar ƙarshe yana tsaye, kuma ya samu. Sassan da suka biyo baya ba su kai na farko zurfi ba. Na huɗu, na 1985, inda ya kara da ɗan Tarayyar Sobiyat Ivan Drago, farfagandar yaƙin cacar baka ce tsagwaronta.

Raging Bull na Martin Scorsese, na 1980, ya bi wata hanya. Labarin Jake LaMotta ne, zakaran gaske, wanda kishi da zafin zuciya suka raba shi da matarsa da ƙanensa. Robert De Niro ya ƙara kimanin kilo 27 don ya fito a LaMotta bayan ya bar dambe ya yi teɓa. A nan naushin da ke kawo tafi a fili shi ne yake rusa gida.

Muhammad Ali

Ga Musulmin Afirka, babu ɗan damben da ya kai Ali shiga rai. Ya bayyana musuluntarsa a 1964, ya ziyarci Nijeriya a shekarar, aka ƙwace kambunsa a 1967 saboda ya ƙi zuwa yaƙin Biyetnam. When We Were Kings na Leon Gast, na 1996, fim ne na tarihin gaskiya kan karawarsa da George Foreman a Kinshasa ranar 30 ga Oktoba 1974, inda ya jingina da igiya ya bar Foreman ya gajiyar da kansa, ya kayar da shi a turmi na 8. Will Smith ya fito a matsayinsa a fim ɗin Ali na 2001.

Mata ma sun shigo. Million Dollar Baby na Clint Eastwood, na 2004, ya ci Oska, amma ƙarshensa, inda mai horarwa ya ɗauke ran ɗalibarsa da ta shanye bisa roƙonta, ya jawo suka daga ƙungiyoyin naƙasassu a Amurka, kuma abu ne da Musulunci ya haramta. Indiya ta yi Mary Kom, fim kan 'yar damben ƙasar mai wannan suna, a 2014 da Priyanka Chopra.

A idon Bakatsine

A Katsina da Daura galibi ta gidajen kallo da tashoshin tauraron ɗan'adam da wayoyin hannu aka san waɗannan finafinai. Wurin da Rocky ke naushin nama ba baƙo ba ne ga Bahaushe, domin dambe a ƙasar Hausa asalinsa wasan mahauta ne, da suke zagaya garuruwa da shi bayan kaka, lokacin da manoma ke da abin kyauta.

Bambancin kuwa babba ne. Ɗan damben gargajiya hannu ɗaya yake naɗewa da ƙyalle da igiya, ɗayan ya miƙa shi gaba yana tarewa yana auna abokin karawa. Turmi uku ake yi. Da zarar hannu ko gwiwa ta taɓa ƙasa, an yi kisa, magana ta ƙare. Don haka ginshiƙin fim ɗin Amurka, wato jarumi ya faɗi, alƙali ya fara ƙirga, ya dafa igiya ya miƙe, ba shi da gurbi a gidan dambe. A nan naushi ɗaya mai kyau ya isa, shi ya sa 'yan wasa kan daɗe suna kallon-kallo, kalangu na tashi, kafin wani ya saki hannu.

Haka nan jarumin fim kusan kullum shi kaɗai ne, sai wani tsoho mai horar da shi. Ɗan damben Hausa kuwa yana da ɓangare, ko Kudu ko Arewa ko Guramaɗa, yana da kirari da layu, kuma sau da yawa sunan ubangidansa yake amsawa: Shagon wane, Bahagon wane, Autan wane. Idan aka kashe shi, jama'a guda aka kunyata.

Aikin da fim ya yi wa LaMotta da Ali, a ƙasar Hausa makaɗi ne ya yi shi. Dubban mutanen da ba su taɓa ganin Shago a fili ba sun san shi ta bakin Ɗan Anace. Kannywood ta fi karkata ga soyayya da zaman aure, don haka damben gargajiya ya fi yaɗuwa ta gajerun bidiyo da ake ɗauka a gidajen dambe a ɗora a YouTube da Facebook, matasa su riƙa tura wa juna ta waya.