Zama da likitan damuwa ba hira ba ce kawai

A Katsina, idan aka ce likita zai riƙa zama da mai ciwon damuwa suna magana, sai ka ji 'yan uwa na cewa, "Ai magana mun yi masa har mun gaji." Sun ɗauka irin nasihar nan ce ta "yi haƙuri, cire abin a ranka". Wannan fahimta tana hana mutane da yawa samun sauƙi.

Wata hanya da ake bi a irin wannan zama, wato hanyar gyaran tunani da ɗabi'a, wadda likitan ƙwaƙwalwa Aaron Beck ya assasa a Amurka cikin shekarun 1960, horo ce. Beck ya lura cewa masu baƙin ciki mai tsanani suna fama da tunanin da ke faɗo musu ba shiri, irin su "ba ni da amfani". Sai a sa mutum ya rubuta tunanin, ya nemo hujjar da ke goyon bayansa da wadda ke rushe shi. Tela a Ƙofar Marusa da abokin cinikinsa ya wuce bai gaishe shi ba zai iya cewa an tsane shi; da ya zauna ya rubuta, sai ya ga watakila mutumin sauri yake.

Akwai kuma aiki a aikace. Mai baƙin ciki yakan kwanta yana jiran kuzari ya zo. A nan ana tsara masa ƙananan ayyuka, buɗe shago na awa ɗaya, fita sallar jam'i, kuzarin ya biyo baya. Mai fargabar shiga taro kuwa, gudun taron ne ke ƙara masa tsoro, don haka ana kusantar da shi kaɗan-kaɗan har jikinsa ya saba. Idan ciwon ya yi nisa, likita kan haɗa da ƙwayoyin magani.